Wasan da sai mai karatu ke yin shi

Yau labarin ƙasar Japan zan ba ku, can gabas mai nisa. Labarin wani wasa ne na kwamfuta. Kada ku ce wasa sai yara. Ku saurara tukuna.

Sunan wasan Portopia. Wani saurayi, Yuji Horii, shi ya ƙago shi. Kamfanin Enix ya fito da shi a shekarar 1983. Ba gudu a cikinsa, ba harbi. Hotunan kaɗan ne. Saura duka rubutu ne.

Ga yadda labarin yake. A birnin Kobe, bakin teku, an tarar da gawar wani attajiri mai ba da bashi da ruwa. Sunansa Yamakawa. Ɗakin kuwa a kulle yake ta ciki. Kai mai wasa, kai ne babban ɗan sanda. Kana da yaro mai suna Yasu, mai ladabi, mai saurin aike. Kai dai rubuta abin da kake so, Yasu ya aikata, ya faɗa maka abin da ya gani. Ka ce ya kira wane, ya kira shi. Ka ce ya duba ƙasa, ya duba. In kalmarka ba ta yi daidai ba, na'urar ba ta gane ka. Sai ka sake.

Ni da aikina koyar da manya ne, nan ne wasan ya shiga raina. Harafi ɗaya ya ɓata, ƙofa ta ƙi buɗewa. Kun san wannan tun ranar da muka raba "kafa" da "ƙafa".

A 1985 aka mai da wasan kan Famicom, na'urar wasa ta kamfanin Nintendo. Ita ba ta da wurin buga haruffa. Sai aka jera umurnin, mutum ya zaɓa. Wasan ya yi sauƙi, ya shiga gidaje da yawa. A 1986 Horii ya bi wannan hanya a wani wasan, Dragon Quest, wanda ya yi suna ƙwarai. Ni dai na fi son na farkon, inda mutum ke neman kalmarsa da kansa.

To, wa ya kashe attajirin? Zan faɗa muku, tunda a Japan har wanda bai taɓa wasan ba ya sha ji. Yasu ne. Yaronka, wanda kake aike tun da fari. Attajirin nan tsohon ɗan damfara ne. Ya cuci iyayen Yasu har suka kashe kansu. Yasu ya girma da abin a zuci. Ba ka kama shi sai ka ce ya tuɓe riga. A kafaɗarsa akwai tawadar Allah mai siffar malam-buɗe-littafi. Da Hausa, kun ji, har shaidar ma tawada ce da littafi.

Ku duba abin da Horii ya yi. Duk abin da ka sani cikin wasan, daga bakin Yasu ka ji shi. Shi ne idonka, shi ne ƙafarka. Wanda ya taɓa kai wasiƙarsa wurin wani don a karanta masa, ya san wannan zama. Kana kallon bakin mai karatu, ba ka san abin da ya tsallake ba.

Sanin ƙarshen bai kashe wasan ba. Tatsuniyar Gizo ma mun san ƙarshenta, amma in dare ya yi muna son a sake ta. Wanda ya san Yasu ne, in ya koma farko, kowace magana ta Yasu sai ta yi masa wani ɗanɗano dabam.

A 2023, shekara 40 bayan fitowarsa, kamfanin Square Enix ya sabunta wasan, ya ba da shi kyauta. An so na'urar ta riƙa gane duk maganar da mutum ya rubuta. Masu wasa da yawa suka yi kuka, suka ce sabon Yasu ba ya jin magana.