Hotunanmu a gidan haya suke

Jama'a, yau ba siyasa zan taɓo ba, kodayake in aka bi diddigi maganar tana komawa kan darajar naira da kuɗin data. Zancen hotunan da ke wayoyinmu ne, da inda suke kwana.

Da yawanmu mun ɗauka da zarar waya ta tura hoto rumbun intanet, shi ke nan an gama. Alhali ɗakin haya ne, mai gida kuma yana da ikon ƙara kuɗi ko sauya sharaɗi. A da Google na ba da wurin ajiye hotuna kyauta ba iyaka, amma daga 1 ga Yuni 2021 aka rufe wannan ƙofar. Yanzu giga 15 ne kyauta, shi ma Gmail da Drive da hotuna ke raba shi, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shigo cikin lissafin. Apple giga 5 yake bayarwa a iCloud, Microsoft ma 5 a OneDrive. Mai ɗaukar bidiyon biki da suna ya san wannan ba ya kai ko'ina.

Idan wuri ya cika sai biya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ke da alaƙa da dala ya tashi, an kuma yi lokacin da katunan naira na bankuna da dama ba sa biyan kamfanonin waje. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mai jiran albashi dole ya zauna ya yi lissafi.

Lissafin nan ne ya sa na kwashe hotunana na sama da shekara goma daga wani kamfani zuwa wani, inda ni da uwargida da yara za mu haɗu a kuɗin wata ɗaya. A ciki akwai hoton mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana riƙe da ɗana na fari ranar suna. Ba shi da na biyu a duniya. Akwai kuma hotunan takardar ɗaukata aiki da na ƙarin girma, waɗanda duk ma'aikaci ya san darajarsu ranar tantancewa, in aka ce fayil ya yi ɓatan dabo.

Ga abin da na fahimta a wannan ƙaura. Hanya biyu ce. Ko dai ka sauke komai a kwamfuta sannan ka sake ɗorawa a sabon wuri, wato ka biya data sau biyu, ko ka sa kamfanonin su miƙa wa juna kai tsaye. Google da Apple duk suna da wannan tsarin. Yakan ɗauki kwanaki, amma ba ya cin datarka, kuma kwafi yake yi, na asali suna nan. Sai dai ka tabbatar sabon wurin zai ɗauke kayan duka.

Mai son saukewa ta Google Takeout ya lura da abu biyu. Mahaɗin da za a turo masa kusan mako guda yake yi ya daina aiki. Sannan kusa da kowane hoto zai ga ɗan fayil mai suna JSON. Ba shara ba ne. A cikinsa ake rubuta ranar hoton da bayanin da aka yi masa, in aka watsar da shi sai ka ga hoton aurenka ya zauna a jerin hotunan jiya.

Mafi hatsari shi ne gogewa. Idan waya tana haɗe da rumbun, hoton da ka goge a manhajar hotuna can ma ya tafi. Kwandon shara na Google ɗan lokaci ne yake riƙewa, na Apple kwana 30. Ni sai da na yi wata biyu ina biyan wuri biyu, ina buɗe shekara bayan shekara ina gwadawa, kafin na rufe tsohon. Kuɗin ya yi min ciwo fa, amma haka ya fi kwanciyar hankali.

Kar kuma wani ya ce ai hotunansa suna Facebook ko gurup ɗin gida. Waɗannan suna matse hoto su rage masa kyau, kuma akawun na iya rufuwa dare ɗaya.

Sai abin da ba mu son tunawa: mutuwa. Daga Disambar 2023 Google na iya goge akawun ɗin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Layin waya ma in ya daɗe ba ya aiki ana ba wani, lambar shiga akawun kuma can za ta je. Magidanta nawa ne suka rasu da hotunan 'ya'yansu a kulle? Google da Apple duk sun tanadi inda za ka sa sunan wanda zai karɓi kayanka bayanka. 'Yan mintoci ne.

Kayan aro ba ya rufe katara. Kowane kamfani ka zaɓa, ka riƙe kwafi a hannunka, a kwamfuta ko faifan ajiya, wani kuma a gidan ɗan'uwa saboda gobara da ɓarayi. Hotuna ashirin ko talatin da ba za ka jure rashinsu ba, kai su a wanke maka su a takarda. Albam ɗin iyayenmu da ke ƙasan akwati bai taɓa neman kuɗin wata ba, da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda ya san hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin albashi ya taimaka mana da ita. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.