Fitilar Tsohon Babur Ɗinmu

Duk wanda ya taɓa tasowa daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi bayan magariba ya san halin wannan hanya. Nisan bai taka kara ya karya ba, kamar kilomita 15 ne zuwa Garwa, amma a cikinsu babu abin da mutum ba zai tarar ba: manyan motoci masu zuwa Marwa, da shanun da aka koro daga kasuwa, da amalanken jaki wanda babu ko ƙyallin fitila a jikinsa, ga mata ɗauke da kaya suna bin gefen kwalta. In kuwa lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe Dutsen Tingilin, to sai dai a ce Allah Ya kai mu gida lafiya.

Mu huɗu ne a gidanmu da ke unguwar Yalwa, kuma babur ɗaya muka gada wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ƙirar Japan ne, ya sayo shi na hannu a Yola tun muna yara. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, sai Baba ya koyi lallaɓa shi da abin da ya samu, yau a ɗaure nan da roba, gobe a ƙulla waccan waya da wannan. Daga baya baburan Sin suka cika gari, maƙwabta duk suka sake, mu dai muna nan da namu. Yayanmu ne ke hawansa zuwa Pitowa da kayan koli, kuma cinikin wannan rana ɗaya shi ke riƙe da rabin cefanen gidan.

Injinsa lafiya lau, bugu ɗaya yake tashi. Fitilar ce dai ta zama kamar aci-balbal. Mun daɗe muna yi mata dariya, har Auta yana cewa sai an haska ta da tocila kafin a san tana kunne. Dariyar ta ƙare ne a hunturun 2019, daren da Yaya ya ci karo da amalanke a kusa da shiga gari. Ya ce bai gan shi ba sai da ya ji numfashin jakin. Ya kauce, ya faɗa rami, wuyan hannunsa na dama ya karye, kaya suka watse a titi. Wata biyu babu Pitowa. Wanda ke da iyali ya san abin da wannan ke nufi.

Nan fa gardama ta tashi a tsakar gida. Wasunmu suka ce a sayar a huta, wasu suka ce abin Baba ne, ba a sayarwa. Da aka rasa matsaya sai muka yi abin da kowa ke yi, wato muka tafi babbar kasuwa muka ce a ba mu ƙwan fitila mafi ƙarfi. Namu mai wat 25 ne, muka sayo mai 35, muka ɗaura muna murna. Da dare ya yi muka kunna, sai ga haske ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wani tsohon makaniki a bayan layinmu, wanda ya san babur ɗin tun zamanin Baba. Yanzu ba ya aiki sosai, yaransa ne ke yi, shi yana kan benci da carbi. Muka tura masa. Ya dubi sabon ƙwan, ya dube mu, ya ce, "Yara, in jaki ya rame, ƙara masa kaya ake yi?"

Muka ce, "Baba, ai mun zaci babban ƙwai shi ne babban haske."

Sai ya sa aka kwance murfin gefen injin, ya nuna mana abin da shekara da shekaru muna hawa ba mu sani ba. Irin waɗannan tsofaffin babura, fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba. A cikin injin akwai faifan ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa a kan wani naɗin waya, kwayil ke nan, kuma daga nan wutar ke zuwa fitila kai tsaye. In injin ya yi sauri wuta ta ƙaru, in ya koma silo ta ragu. Kuma abin da kwayil ɗin zai iya bayarwa ƙayyadadde ne, an auna shi daidai da ƙwan gaba da na baya. Ka sa masa wanda ya fi ƙarfinsa, sai ya kasa ciyar da shi, hasken ya faɗi. Haka nan wanda ya sa ƙwan bolt 12 a babur mai bolt 6. Ya kuma gargaɗe mu cewa in ƙwan baya ya mutu kada a bar shi, domin wutar duka za ta taru a kan na gaba, ana murɗa totur sai ya ƙone.

A nan ne muka gane abin da ya faru da Yaya, kuma muna roƙon masu hawa da dare su tsaya a kan wannan. Fitila irin wannan tana yaudarar mai ita. Lokacin da ka ga alamar wani abu a gabanka ka sassauta, lokacin ne take dushewa, wato daidai sa'ad da ka fi bukatarta. Sai mutum ya saba da gudu don ya gani. Tsohon ya ce maganin wannan ba a kasuwa yake ba: in za ka rage gudu ka sauko da giya, injin ya ci gaba da juyawa da ƙarfi alhali kana tafiya a hankali.

Sauran aikin kuwa duk na haƙuri ne, kuma a gabanmu aka yi shi. Wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur, wadda makanikanmu ke kira mas, an same ta ɗaure a kan tsatsa. Aka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaure tam. Aka buɗe makunnin da ke kan hannu, sai ga ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama laka. Ƙulle-ƙullen Baba guda biyar muka ƙirga tsakanin injin da fitila, kowanne ya yi kore, kowanne yana cin rabonsa na wuta. Muka yi shiru muna kallo ana yanke su, don kuwa hannunsa ne ya ƙulla su. Aka ja sabuwar waya guda ɗaya.

Kwanon da ke bayan ƙwan, mai sheƙi kamar madubi, shi ne ke tara haske ya jefa shi gaba, kuma namu ya yi dishi-dishi. Auta ya ɗauko tsumma da toka zai dirje, tsohon ya daka masa tsawa. Ashe sheƙin ɗan siririn shafe ne, ana dirzawa yake tafiya. Sai da muka nemo wani a wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Aka wanke gilashi ciki da waje, aka mayar da ƙwai mai wat 25.

Mun tambaye shi batun fararen fitilun nan na LED da suka cika gari. Ya ce suna da haske kuma ba su cin wuta, amma yawancinsu wutar batir suke so, in an haɗa su kai tsaye da irin kwayil ɗinmu sai su riƙa ƙyaftawa ko su mutu, sai an sa musu abin daidaita wuta. Mu dai namu ra'ayin, yadda ake ɗaura su barkatai a Garwa suna kashe wa na gaba ido, ba ƙaramin zalunci ba ne. Wanda ka makantar, ai kanka zai faɗo.

Da aka yi isha'i muka kai babur gaban katangar gida, kamar taku bakwai, muka ɗora buhu biyu a baya yadda Yaya ke yi. Sai ga haske ya tashi sama yana duba rassan dalbejiya. Ashe kaya na danne baya, gaba ya ɗaga. Aka sassauta noti, aka sunkuyar da fitilar har hasken ya sauka ƙasa kaɗan da tsayinta. Titi ya fito fes, har muna ganin tsakuwa. Muka yi ta tafi kamar yara.

Yaya kuwa yana tsaye, hannu a ɗaure. Ya ce, "To, ya ɗan fi da."

Muka dubi juna. Ashe da sauran rina a kaba. Auta ya taka zuwa bakin lungu ya ɗaga yatsu uku, dukanmu muna gani, Yaya ya ce biyu. Da muka matsa masa sai ya faɗi abin da ya ɓoye mana fiye da shekara: in mota ta haske shi, komai sai ya zama fari kamar hazo, sai ta wuce da daɗewa kafin hanya ta dawo. Ya yi shiru ne don tsoron kada mu hana shi Pitowa, ga yara bakwai.

A asibiti aka ce yana ce a idon hagu, ta dama ma ta soma. An yi masa aiki bayan sallar azumi, ya kuwa samu sauƙi, har yana cewa bai san bangon ɗakinsa ya yi datti haka ba. Amma mun yanke shawara a gida, shi ma bai ja ba: in rana ta faɗi, Auta ke tuƙi. Yanzu ran Lahadi su biyu suke dawowa, Yaya a baya rungume da jakar ciniki yana faɗa masa inda ramuka suke. Da yake nauyin ya ƙaru, sai da muka sake kai babur ɗin gaban katanga muka ƙara sunkuyar da fitilar kaɗan.