A Ba Yaran Aji Shida Aiki Guda Su Kai Shi Ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da malaman makaranta a kan yaran aji shida, watau shekarar ƙarshe ta firamare.

Yadda aka saba, shekaran nan duk ta hadda ce. Tun daga Satumba har ranar jarrabawar shiga sakandare ba a komai sai bitar tambayoyin bara da bara waccan. Ban ce jarrabawa banza ce ba. Amma ni akawu ne, kullum ina ganin samari suna zuwa ofis da takardar shaida, in ka ce su rubuta rasit, ko su lissafa ribar buhu goma, sai su tsaya suna kallonka. Kuma ko da yake dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, kowa ya sani akwai waɗanda daga aji shida sai gona, ko kasuwa, ko ɗakin miji. To, wane guzuri muka ba su?

Shawarata ita ce, a shekaran nan a ba yara aiki guda na gaske, wanda ya shafi zaman garinsu, su kama shi tun daga farko har su kai shi ƙarshe da kansu.

Ga misali daga makarantar mishan da na yi. Da kaka ta yi, malaminmu ya tambaye mu, me ya sa iyayenmu ke sayar da wake da araha lokacin girbi, su komo su saye shi da tsada da damina? Muka ce tsoron ƙwari. Ya ce to, mu bincika. Muka tara kuɗi muka sayo tiya uku. Ɗaya muka zuba a buhu, ɗaya muka cuɗa da toka yadda tsofaffi suka gaya mana, ɗaya kuwa muka cika ƙananan kwalabe da ita muka toshe bakinsu sarai. Kowane wata mukan ɗebi ƙwaya ɗari daga kowane kashi, mu ƙidaya masu huji, mu rubuta. Kwalba guda muke buɗewa a wata, don kada iska ta shiga sauran. Ran kasuwa kuma yara biyu su je su tambayo kuɗin tiya. Kafin ruwa ya sauka waken buhu ya zama gari, na toka da dama-dama, na kwalba kuwa kamar ranar da aka zuba shi, domin in iska ta ƙare ƙwaro ba ya rayuwa.

A nan na gane abin da ake nufi da kaza bisa ɗari. A nan na koyi jan layi a littafi da rubuta lissafi mai tsabta, sana'ar da nake ci da ita yau. Da hutu ya gabato aka tara iyaye, muka tsaya muka yi musu bayani, suka taɓa waken da hannunsu. Gani ya kori ji. Da Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗa buhun nan mai ninki uku a 2007, hikimarsa ba ta zame mana baƙuwa ba.

Kada wani ya ce sabon yayi ne. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Shikago a 1896 a kan koyo ta hanyar aiki, William Kilpatrick kuma ya yi rubutu a kan dabarar a 1918. Ko a nan, makarantar da Ɗan Hausa ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa karatu da sana'ar hannu.

Amma akwai abu biyu da za a kiyaye. Na fari, kada a fake da wannan a mai da yara 'yan ƙodago a gonar malam. Aikin da babu tambaya a cikinsa, babu awo, babu rubutu, wahala ce kawai. Na biyu, kada babba ya yi musu. Gara lissafin yaro mai gyare-gyare da mai kyau wanda wansa ya rubuta. Kowa kuma a ba shi rabonsa, mace da namiji, mai kaifin kai da mai nauyin fahimta, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai tsoron lokaci ya ƙure masa, sa'a biyu a mako ta isa, lissafin da ke ciki kuwa shi ne dai na jarrabawa. Ba lalle sai wake ba. Ana iya auna ruwan sama, ko zurfin rijiyoyin unguwa, ko a rubuto tarihin gari daga bakin dattawa.

Ina so malamai da suka taɓa gwada irin wannan su rubuto mu ji yadda suka ƙare. Allah ya yi wa yaranmu albarka, amin.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.