Ni da Murɗar Ciki da Jar Kanwa

Tun ina yaro, in cikina ya murɗa, kakata ba ta tambayar dalili. Sai ta jiƙa jar kanwa a ƙoƙo ta miƙo mini, in sha, in yi gyatsa, shi ke nan wai an warke. Da wannan ilmi na shigo jami'a, har da ƙullin kanwata a akwati.

A shekarata ta biyu, ana saura kwana huɗu jarrabawa, ciwon ya kama ni da gaske. Wajen ƙarfe biyun dare sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙasan ƙirji. Abincina a lokacin kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, kun san shi: goro da kofi don korar barci, sa'an nan asfirin saboda ciwon kai, duk ba tare da na ci abin kirki ba. In na sha kanwa ya lafa, can an jima ya dawo. Ran da bayan gidana ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, abokin ɗakina ya ja ni asibiti.

Likita ya ce, "Samari, gyambon ciki ne, har ya fara zubar da jini." Ashe kanwa kaifin ruwan tsamin ciki kawai take ragewa, gyambon na nan, asfirin kuma na ƙara cinye shi. Gwaji ya nuna ina ɗauke da wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Na sha magani mako biyu, takarda ɗaya kuma ta wuce ni.

Ba kowace murɗa ce gyambo ba, in ji shi. Galibi hanji ne ke matsewa saboda iska, ko taurin bayan gida, ko gurɓataccen abinci. Irin wannan, ruwan ɗumi da kunu da ɗora tsumma mai ɗumi a ciki kan wadatar. In da zawo, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tsabtataccen ruwa, a riƙa kurɓa. Amma in ciwon ya tare a ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi ga amai, ko aka ga jini, to sai asibiti ba jira.

Da na koma gida hutu na kwashe labarin na faɗa wa kakata. Ta ce kanwar ce ban jiƙa da kyau ba.