Haƙarƙarin Inna



A gidanmu na Gehuru, haƙarƙarin ragon layya aikin Inna ne. Bayan isha'i za ta shafe shi da citta, kanumfari, masoro da tafarnuwa, ta shimfiɗa albasar Aliero a gindin tukunyar ƙasa, ta jera naman a kai. Ruwa ludayi ɗaya tak take zubawa, ruwan albasa da kitse su ke dafa shi. Ta rufe tukunya, ta lulluɓe garwashi da toka, ta je ta kwanta. Da asuba ƙashi da kansa yake zarewa.

Sallar farko bayan rasuwarta muka ce mu ma za mu yi. Muka zuga itace, cikin awa 2 muka sauke. Gindin tukunya ya kama, nama kuwa kamar ƙirgi. Baba ya tauna ya ajiye, ya ce, "Ɗiyana, naman ga ba shi son gaugawa." Ba wanda ya ƙara loma.

Bara yayarmu ta zo daga Birnin Kebbi da tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali. Awa 8 a ƙaramin zafi, nama ya yi luguf. Amma ɗanɗanon ba na Inna ba ne. Akwai abin da take barbaɗawa daga wani ƙullin tsumma. Mun girma a gefen murhunta, ba mu taɓa tambaya ba.

Ga shi kullum muna neman abin rubutawa a nesa. Wanda tsohuwarsa ke raye, ya ɗauki biro ya shiga madafa yau.

Allah ya jiƙan iyayenmu.