Lanƙwasar da Ta Ɓace

A shekara ta 2024 idin Ista ya faɗo ranar 31 ga Maris, a tsakiyar azumin ƴan'uwanmu Musulmi. Muna da mutum 14 da za su karɓi baftisma a daren idin, sai Fada ya aike ni Maraɗi in buga ɗan littafin addu'o'i, kwafi 500. Na makara ƙwarai, domin sai ranar Litinin na kai aikin.

Wanda ya karɓe ni a maɗaba'ar wani saurayi ne, mai tsara shafi a kwamfuta. Dā na zaci aikinsa ado ne kawai. Ashe shi ke auna takarda, shi ke raba launin bango kashi 4, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowane da farantinsa, shi kuma ke tsayawa kan mai inji har a yanke a ɗinke. Ga masu kalanda da masu katin biki, kowa na cewa nasa ya fi gaggawa. Ga wuta tana zuwa tana komawa.

Ni na zaɓi haruffan bango, wasu masu ƙafafu kamar na katin aure. Ranar Laraba ya nuna mini gwaji, na duba sama-sama, na sa hannu, na ruga tasha.

Daren Alhamis, mun fito daga sujada ke nan, sai ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam, akwai matsala. Haruffan da kuka zaɓa ba su da ɗ mai lanƙwasa. An riga an buga bango 200."

Abin da na rubuta shi ne "Yesu Ɗan Allah". Abin da ya fito kuwa "Yesu Dan Allah", kamar mai roƙon a ara masa gatari. Na shekara biyu ina koya wa mutanen nan ko wane ne Yesu, ga shi na sa hannu a kan wannan.

Kunya ta sa na ce a bari haka, ba mai lura. Takarda ta yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kuɗin kuma na baikon talakawa ne.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, kun san ni ban gaskata da wannan magana ba. Amma ba ita ce kuka kawo mini ba, ba kuwa za ta fita daga hannuna a karkace ba."

Farantin baƙi kaɗai ya sake, tun da rubutun baƙi ne. Kuɗin takardar da ta lalace muka raba biyu, rabona daga albashina, ban gaya wa Fada ba sai bayan idi. A maɗaba'ar ya yi sahur.

Ranar Asabar da azahar kwalin ya iso a motar kasuwa. Kafin in biya yaron mota, sai da na yage kwalin na dubi bangon.