Koko Biyu

A gidanmu idan aka ce koko, abu biyu ake nufi. Akwai wanda Inna ke damawa da gasara kowace safiya, mu sha da ƙosai. Akwai kuma wanda kakana, Baba Tsoho, ya yi wa bauta shekara bakwai a gonakin ƙasar Asante da ke Gana, bai taɓa ɗanɗana abin da ake yi da shi ba.

Na biyun ne ya tare ni a Brasels, babban birnin Beljiyam, wata Asabar cikin Janairu. Wata huɗu ke nan da zuwana karatu. Sanyi ya kama ni a unguwar Sablon har yatsuna suka daina jin wayar da ke hannuna, sai na faɗa wani ƙaramin shagon cakulan don in fake. Ba irin na kanti ake sayarwa a nan ba. Su da kansu suke gasa ƙwayar koko, su ɓare ta, su niƙa, a wani ɗaki da ake hangowa ta gilashi. A bakin ƙofar ɗakin an jingina buhunan algarara, ɗaya an rubuta masa Ghana.

Na nuna buhun na ce shi nake so. Matar ta narka cakulan mai duhu cikin madara mai zafi, tana kaɗawa a hankali, ta miƙo mini a ɗan kofin da bai fi na shayin Buzaye biyu ba. Yuro bakwai. Na lissafa da naira, na yi sauri na daina.

Na zaci zaƙi zan ji kamar na Bournvita ɗin da muka tashi da shi. Ina! Kauri ne da shi kamar kunun gyaɗa. Ɗaci ya fara iso, irin na goro, wanda ba ya korar mutum. Bayansa wani ɗan tsami-tsami kamar na tsamiyar da aka jiƙa, sai can ƙarshe zaƙi ya leƙo, maiƙo ya lulluɓe harshe. Tsamin nan ne ya tsayar da ni, don na san labarinsa tun ina ƙarama.

Baba Tsoho ya sha gaya mana yadda suke fasa ƙwallon koko da adda, su kwashe 'ya'yan da farin ɓargonsu, su tara a kan ganyen ayaba, su rufe kamar yadda ake rufe kalwa in za a yi daddawa. Kwana shida tulin yana ɗaukar zafi yana tsami, ana juya shi, sannan a baza a rana. Ya ce warin yakan bi mutum har cikin barci. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Ya dawo Zariya da adda ɗaya da tabon sara a babban yatsa. In muka tambaye shi me Turawa ke yi da ƙwayar, sai ya ce, "Wa ya sani? Ƙila magani. Abin da ɗaci."

Gana da Kodebuwa su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya. Beljiyam ba ta da bishiyarsa ko ɗaya, amma sunanta ake kira in an ce cakulan. Ina zaune ina juya wannan a raina, kunya ta kama ni, don abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na shanye tas, har na bi gindin kofin da cokali. Kafin in fita na sayi sanda ɗaya ta cakulan ɗin.

Da na zo hutu, zafin hanya ya riga ya lanƙwasa ta. Na narka ta cikin madara a kan risho, na kai masa zaure.

"Amarya, me kika dafo wa angon naki?"

"Kokonka ne, Baba Tsoho. Na Gana."

Bai sha nan da nan ba. Ya kai kofin hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya kurɓa, ya riƙe a baki, idonsa a rufe.

"Wannan ya cika kwanakinsa," ya ce. "Wanda ya rufe shi bai yi gaggawa ba. Da ya yi, da kin ji bauri."

Matar shagon ta yi mini bayani mai tsawo kan injinta da yadda take gashi. Ba ta ambaci wannan mutumin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ƙara kurɓa ɗaya, ya miƙo mini kofin. "Ashe abin da suke yi ke nan. To, madalla. Ki ce wa uwarki ta aiko mini da nawa kokon, kada ƙosai ya huce."